Firjin Hussaina da Ƙwan Zabin Hajiya

Katanga ɗaya ce tsakanina da Hussaina, kuma katangar ba ta kai kafaɗata ba, don haka abin da zan faɗa a kanta da idona na gan shi, ba a bakin rijiya na tsinto ba. Sunana Hajaratu, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi a nan Faskari. Mutane suna cewa ina da zargi, ni kuwa ban taɓa musawa ba. Macen da ta shekara da shekaru tana sayen gyaɗa tana tarar da tsakuwa a ƙasan buhu ba ta yarda da abu don kawai samansa ya yi kyau.

Daga wajen Tafoki suka taso, ita da mijinta Malam Sha'ibu, a shekarar da zuwa gonar nesa ya gagari mutane. Suka kama gidan da ke jikin nawa. Ranar da ake sauke musu kaya ina tsaye ina duban abin da kowa ke duba, wato tukwane da katifa, sai na ga wani akwatin ƙarfe da ta hana kowa ɗauka, ita ta rungumo shi da kanta. Na ce a raina ko dai zinari ko asiri. Da na samu dalilin shiga, na je aron rariya alhali tawa tana rataye, sai na tarar da akwatin a buɗe. Wayoyi ne a cukurkuɗe, da kawunan tocila, da matattun rediyo, da batiran waya da suka kumbura. Na dawo gida ban gamsu ba, domin ban taɓa ganin matar aure tana tara irin wannan tarkace ba sai da dalili.

Dalilin kuwa a hankali na haɗa shi. A Damari aka haife ta, ubanta Malam Gide mai gyaran rediyo ne, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji da wuri ba. Ita ce ke zama kusa da shi tana riƙe waya yana ɗiga dalma, ita ke fifita gawayin da yake gasa ƙarfen liƙi a ciki. Da aka tashi kai ta ɗaki, uwa ta haɗa mata kwanuka, uba ya naɗe sukundireba biyu da ƙarfen liƙinsa na biyu a tsumma ya cusa mata a cikin kaya. Hussaina ta ce min dangin miji sun yi ta dariya, ita kuwa har yau ba ta ga abin dariyar ba.

Ba ta da yawan magana, hannunta ne ba ya zama. In ta gama girki sai ta shimfiɗa buhu a inuwar ɗaki ta zazzage akwatin. Na ga ta yi fitila da gwangwanin madara da 'yan fitilun tocilar da aka yar, ta haɗa da batirin waya, ana cajinta da rana ta haska ɗaki da dare. Na ga ta yi fanka da injin tsohon kaset, ta yanko fukafukan daga jarkar mai, tana juyawa tana ƙara kamar ƙudan zuma amma dai tana ba da iska. Ba sayarwa take yi ba, jin daɗin abin take. Wanda ya yaba sai ta ba shi. Wannan kyauta ita ta fara damuna, don ban ga inda take cin riba ba.

Da rediyona ya mutu na miƙa mata ta kan katanga, amma sai da na kankare cikin murfin da allura, na kuma ɗiga man ja a jikin lasifikar, saboda kowa ya san halin masu gyara: a cire maka mai kyau a sa maka ruɓaɓɓe. Ta dawo min da shi yana magana, alamomina suna nan yadda na bar su. Na yi godiya. Na dai ce a raina wataƙila ta lura da alamar ne.

Firjin ya shigo a farkon wata damina. Mataccen firji ne, ƙarami, ba inji a bayansa, wani mai shago ya yar, ta sa aka turo mata shi a baro. A wayar Malam Sha'ibu ta ga wani yana nuna yadda ake ƙyanƙyasar ƙwai ba kaza, ta yi ta maimaita kallon har cajin wayar ya ƙare. Ta kwantar da firjin a ɗakin ajiya, ta ɗaura gulob na babur a ciki don ɗumi, ta sa wata 'yar fanka da ta ciro daga tarkacenta, ta ajiye kwanon ruwa a ƙasa. Faranti ɗaya na sola ta jingina a kan rufi, waya ta sauko zuwa batir. Abu ɗaya kawai ta saya, wata 'yar na'ura mai nuna lamba da aka taho mata da ita daga Funtuwa, wadda ke kashe gulob in zafi ya yi yawa ta kunna in ya sauka. Ta huda ramuka a gefe da ƙusa mai zafi don iska. Kullum sai ta buɗe ta jujjuya ƙwan da hannu, safe da rana da yamma.

A wajenmu kowa ya san zabuwa ba uwa ba ce. Ta zuba ƙwai a ciyawa ta yi gaba, sai a kwaso a sa wa kaza ta kwanta a kai. To kazar da ke kwanci ba kullum ake samunta ba, ga damina zabi na ta zuba. Da ƙwan Hussaina na gwaji suka fashe, tsaki suka fito suna tsiwa a cikin firji, labari bai kwana ba ya gama unguwa. Mata suka fara sallama da ƙwai a ƙwarya. Aka yi sharaɗi irin na kiwo: in sun fito, mai firji ta ɗauki ɗan kasonta, mai ƙwai ta kwashi saura.

Kowace mace da alamarta. Wata gawayi, wata lalle, wata shuni, wata kwalli, wata 'yar gayu ta zo da jan farce. Ni baƙin tukunya na kwaɓa da man gyaɗa na ɗiga wa nawa. Dukkanmu muka koma gida hankali kwance, ba wadda ta tuna cewa alamar a ɓawo take, tsako kuwa tsirara yake fitowa. Hussaina ta yi ƙoƙari, ta raba cikin firjin da kwali gida-gida, amma tsakon zabo da ya bushe sai tsalle. Kafin ta buɗe duk sun cakuɗe, kuma kusan dukkansu kala ɗaya ne.

Ta yi abin da hankali zai ba kowa. Ta tara ɓawon da ya fashe, ta duba alama, ta ba kowace mace tsaki daidai ɓawonta, ta haɗa mata da baragurbinta, wato ƙwan da ya ƙi fashewa, da alamarsa a jiki. Wata mata daga bayan masallaci, wadda rabin nata suka ƙi, ta juya baragurbin a hannu ta ce gawayi ai kowa na da shi a murhu, wa ya san ko ƙwan wani aka shafa wa alamarta. Ta faɗa a tsakar gida, ta maimaita a zaure, ta ƙarasa a ƙofar gida da murya sama, daidai lokacin da Malam Sha'ibu ke zaune da mutane. Gaskiya ni ma da na ji maganar sai da na sake duban nawa baragurbin.

Malam Sha'ibu mutum ne mai gudun magana, ga shi baƙo a gari, gidan ma na haya. Da ya shigo bai ɗaga murya ba, amma katangar gajeriya ce.

"Hussaina, mu baƙi ne garin ga," in ji shi. "Ban hana ki wasanki da wayoyi ba. Amma ranar da aka sake kiran sata a ƙohwar gidana, ranar akwatin ga zai bar gidan."

Ta ce ta ji.

Daga ranar ba a sake jin ƙorafi ba. Abin ma sai ya juya ya zama yabo. Mace ta kai ƙwai ta dawo da tsaki kusan cif, wata ma cif ɗin. Baragurbi ya ɓace daga zance, kamar firjin bai san shi ba. Mata har daga unguwannin nesa suka riƙa zuwa, wata ma daga Ƙanƙara ta aiko da nata a cikin dusa. Kowa na sa albarka, ni ina leƙe.

Abu biyu na gani da suka hana ni sakewa. Na farko, in hantsi ya yi, maza sun tafi gona, sai ta fito da wani abu a tsohuwar ƙwarya ta zagaya bayan ɗaki wajen juji, ta tona rami ta binne ta tattake. Na biyu ya fi damuna. Tana da zabinta guda huɗu masu zuba, kuma ina ganin tana kwasar ƙwansu tana sawa a firjin ba alama. Ga kuma kason da take ɗauka a wajen kowa. A lissafina ya kamata a ce tsakar gidanta ba wurin taka ƙafa. Amma gidan fayau, daga tsofaffin zabin nan sai kaza ɗaya mai ɗingishi. Na yanke cewa a ɓoye take fitar da su kasuwa don kada miji ya san abin da take samu. Na sa ido a kan duk wanda ya fita daga gidan da kwando, ban kama komai ba, sai na ƙara yarda cewa ta iya ɓoyo.

Ashe ba ni kaɗai ke lissafi ba. Hajiya Shafa'atu ita ce mai zabi mafi yawa a unguwarmu, dattijuwa ce da ta yi kiwon tsuntsaye tun kafin a haifi Hussaina, kuma in ana maganar zargi ni ɗalibarta ce. Ta zo sayen mai wata rana ta ce min abin nan bai kwanta mata ba. Kaza ma, da Allah ya halitta don wannan aiki, tana tashi ta bar baragurbi, sai firjin da aka tsinto a bola ne zai fi ta? Ko dai yarinyar tana kwasar na marasa baki tana cika wa masu baki, ko kuma akwai abin da take binnewa. Na ce mata binnewa kam tana yi. Hajiya ta gyaɗa kai ta karɓi manta, ba ta gaya min abin da ta ƙulla ba.

Bayan kwana biyu ta kai ƙwai da alamar shuni. Hussaina ta karɓa ta haska kowanne da tocila ta cikin bututun kwali, yadda ta saba. Sai dai ɓawon ƙwan zabi kauri gare shi, ba kowane abu yake nunawa ba. Ta jera su a firji. Da wata ya zagayo ta aika wa Hajiya tsakinta a kwando, ba ko ɗaya da ya yi ciwon kai.

Ana gab da azahar na ji sallamar mata da yawa a gidan. Na bar gyaɗa a kan wuta na matso katanga. Hajiya ce a gaba da kwandon, bayanta mata sun kai goma. Hussaina ta shimfiɗa tabarma, ba wadda ta zauna. Hajiya ta tambaye ta ko duk ƙwan da ta kawo ne suka fashe. Hussaina ta ce ga su nan dai a kwando.

"To ki hwaɗa mani," in ji Hajiya, "tun yaushe dafaffen ƙwai ya fara yin tsako? Ukku daga ciki da hannuna na dahwa su, na bari suka huce, na shahwa masu shuni."

Ban taɓa ganin fuska ta zube kamar ta Hussaina a lokacin ba. Ba ta yi musu ba. Ta zagaya juji da fartanya, mata na biye da ita, ta tono ƙwaryar ƙarshe. Ga ƙwai nan da shuni, har da wasu masu lalle da gawayi. Ita ba ta taɓa fasa baragurbi ba saboda wari, da ta fasa ko ɗaya da ta gane. Hajiya ta sa sanda ta fasa, aka toshe hanci, sai ga ukun nan masu shuni a dafe.

Nan take tsakar gida ta kaure. Ba wadda ta tambayi me ya sa, kowa tambayarta ɗaya: in ba na Hajiya ba ne, tsakin wa aka ba Hajiya? Mai lalle ta ce nata ne, mai kwalli ta ce dama ta ga nata sun yi ƙanana. Matan da aka cika musu kwando watanni suka fara tuno asarar da ba su yi ba.

Ni kuwa ina tsaye sai lissafina ya warware da kansa. Ƙwanta marasa alama, kasonta, gidan da ba tsako, ramin juji. Ba kasuwa suke zuwa ba, kwandunanmu suke shiga. Duk wadda ƙwanta ya ƙi, sai ta cike mata da nata don kada a sake tsayawa a ƙofar mijinta. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, ya kuma ba ni tausayi, har na rasa wanne ya fi. Na ɗaga murya daga kan katanga na faɗa musu abin da na gani, na ce ni shaida ce, kuma sun san ni ba na yabon mutum a banza.

Hajiya ta dube ni ta dubi Hussaina. Ta tambaye ta ko gaskiya ne. Hussaina ta ce, "Nawa ne, Hajiya. Ban taɓa na kowa ba."

"Wa ke ba da nashi a banza?" in ji Hajiya. "Ke kin taɓa gani, Hajara?"

In ba a wajen Hussaina ba, ban taɓa gani ba, kuma ban iya cewa na gani ba. Wannan ya ishe su. Aka ce wadda ta iya ƙaryar cewa dafaffe ya fashe, ta iya kowace iri. Aka ce kowa ta ɗauki ƙwanta. Hussaina ta roƙe su su bari, ta ce waɗanda ke ciki sun yi nisa, in suka sha iska za su mutu. Ba wadda ta saurara. Aka buɗe firjin, kowace ta riƙa tsintar alamarta tana zubawa a gefen zane. Ni ma na zagayo na ɗauki nawa, don kada a ce da ni aka haɗa baki, tunda ni na yi magana. Hayaniyar ta bi su har ƙofar gida, kalmar nan ta sata kuwa aka faɗe ta ba sau ɗaya ba, daidai lokacin da maza ke dawowa daga masallaci.

Malam Sha'ibu na cikinsu. Da ya shigo ya tsaya a bakin ɗakin ajiya ya dubi abin da ya rage a firjin, ƙwai ne marasa alama, na zabinta. Ta gaya masa duk yadda aka yi, ya ce ya yarda da ita, amma shi ba gaskiyar ce ta dame shi ba, ƙofar gidansa ce. Ya ce waɗannan rayuka ne, a bari su fito, daga nan a kwance wayoyin.

Ƙwan da aka kwashe kuwa, wadda ta samu kaza mai kwanci ta tsira da kaɗan, saura duk suka lalace. Nawa ko ɗaya bai yi ba. Wannan ma a kan Hussaina aka ɗora, aka ce dama ta riga ta ɓata su.

Nata suka fito, kusan duka, don wannan karon firjin ba cunkoso. Ta kwance gulob ɗin da fankar da 'yar na'urar lamba, ta naɗe su a tsumma ta mayar akwatin ƙarfe. Firjin aka jawo shi waje, yanzu dusar awaki ake zubawa a ciki. Karo na farko tun zuwansu garin nan tsakar gidanta ta cika da tsaki, suna bin kazar nan mai ɗingishi suna tsiwa. Duk matar da ta shigo unguwar sai ta samu dalilin leƙawa, ta fito tana taɓe baki tana cewa ga su nan, dama ina za su, ai namu ne. Hajiya Shafa'atu ta ce ita dama ta faɗa.

Ni na san ba haka ba ne, na fi kowa sani. Sai dai wata safiya ina shanya gyaɗa na hango wani fari fat a cikinsu. Zabin Hussaina duk masu toka-toka ne, farar zabuwa kuwa a layinmu ni ke da ita. An ce masu toka ma sukan haifi fari wani lokaci, na sha ji. Amma kuma baƙin tukunya da man gyaɗa yana gogewa in ana juya ƙwai kullum da hannu, kuma ranar hayaniyar nan ban tsaya na ƙirga abin da na ɗauka da kyau ba. Na dai tsaya ina dubansa, na koma aiki, na sake dawowa na dube shi.

Tana zaune a kan buhunta da wata matacciyar tocila a hannu. Ta ɗago ta ga inda idona yake. Ta ajiye sukundireban, ta tashi ta bi tsakon har gindin randa ta kama shi, ta zo ta miƙo min ta kan katanga da hannu biyu.

"Ga shi, Yaya Hajara."

Na ce mata ni ban ce nawa ba ne. Ta ce ta sani. Hannunta na nan a miƙe, tsakon yana ta wutsil-wutsil, ni kuwa na karɓa.